Ƙwallon Kawu Mai Karkata Dama

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, dogonmu da gajerenmu. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya a ƙarshen ranin da ya wuce, a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke gefen hanyar da ta tashi daga Boɗinga ta nufi Shagari.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin inda mutane suka sha wahalar riƙe dariya kamar a nasa ba. Mutum zai zo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce mana Allah ya ba da haƙuri. Can sai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Wani dattijo da ya zo daga Danchadi ya ce har yau jakinsa ba ya yarda ya bi ta bayan garinmu da la'asar. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a faɗa mana ta yafe wa mamaci tulunta duniya da lahira. Liman kansa bai tsira ba. Ya fara da murya mai nauyi ya ce, "Allah shi jiƙan Alhaji. Mutum na mai gaskiya, maganatai miƙe, zamanai da mutane miƙe, komi nai miƙe." Sai ya tsaya ya gyara rawani, ya ƙara da cewa, "Ban da abu guda." Tabarma gaba ɗaya ta ɗauka da dariya.

Inna, wato mahaifiyata, ta leƙo bakin zaure ta ce, "Ku ji tsoron Allah, gidan mutuwa na, ba dandali ba." Da na shiga in ba ta haƙuri, sai na same ta ta toshe baki da gefen mayafi, tana dariya hawaye na zuba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Yana zaune can ƙarshen tabarma, ya jingina da bango, kafaɗarsa ta hagu ta kumbura har ba ya iya ɗaga hannun ya shafa addu'a. Taubashin Kawu ne, ɗan gwaggonsa, wanda suka tashi tare tun suna tallar fura a bayan iyayensu mata. Ni Baba nake ce masa. Duk wanda ya san su ya san shi ne ya fi kowa bakin tsokana a garin, amma a kwanakin nan ko ruwa sai an matsa masa yake sha. Saboda wannan kafaɗa da ta kumbura na zauna nake wannan rubutu, don kada nan gaba a tuna da dariyar a manta da dalilinta.

Kawu dogo ne na a-zo-a-gani. Ba ya shiga zauren kowa sai ya sunkuya, kuma a sahun Juma'a ba ka neman sa, hularsa kawai za ka hango. Taubashi kuwa gajere ne kakkaura, idan suka jera kansa a daidai aljihun Kawu yake tsayawa. Shi yana kiran Kawu Giginya, Kawu yana kiran sa Turmi. Wasan taubasai ne, babu mai jin haushi, kuma babu mai shiga tsakani sai mai neman a haɗu a kansa.

Kawu malamin dabbobi ne. Aiki ya kai shi Kaduna ya daɗe, a can ya koyi wasan nan da ake kira golf, wanda ake buga 'yar farar ƙwallo mai tauri da sandar ƙarfe, a bi ta har a jefa ta rami. Da ya yi ritaya ya dawo gida, kayan da ya sauke daga mota har da wata doguwar jaka cike da sanduna. Wani abokin aikinsa ne ya bar masa su da zai koma garinsu. Mutumin nan, in ji Kawu, ko Taubashi ya ɗara shi tsawo, kuma daidai jikinsa aka yanka sandunan. Daga nan matsalar ta samo asali.

A bayan gari akwai wani fako da ba ya fid da ko ƙaya. Idan ka tsaya a bakinsa ka fuskanci gabas, akwai wani babban gawo can nesa, bayan gawon kuma maƙabarta. A hannun dama ƙasa ta gangara fadama, kuma lambun farko da za ka tarar na Taubashi ne, inda yake noman albasa kowane rani. Kawu ya binne gwangwanin madara a gindin gawo ya zama rami. Da an sauko daga sallar la'asar sai ya naɗe hannun riga, ya tara ɗan yashi, ya ɗora ƙwallo a kai, ya gyara tsayuwa kamar wanda za a ɗauka hoto. Sai ya buga.

Wallahi tashin farko abin sha'awa ne. Ƙwallon za ta miƙe sama ta nufi gawo kamar da gaske. Kana cikin cewa yau kam an dace, sai ta fara lanƙwasa, ta yi dama, ta ƙara yin dama, ta sauka tsakiyar albasa. Sai ka ji murya daga fadama: "Giginya! Ta iso lahiya! A ba ta ruwa ko ta ci abinci?"

Ni malamin makaranta ne a Boɗinga, ƙarshen mako nake hawa babur in zo gida. Ba ni da haƙurin ganin ana maimaita kuskure ɗaya, ko a aji ko a waje, don haka wata rana na ce masa, "Kawu, abin nan fa ba ya buƙatar dogon lissafi. Tunda dama take tafiya, ka juya ka fuskanci hagu, ta lanƙwaso ta dawo gawo."

Ya dube ni daga can sama ya ce, "Malam ƙarami, an gwada wagga dabara tun ba ka san haruffa ba. In ka juya hagu ƙara yankan ta kakai, ta ƙara gudu dama. Zaka in gwada maka."

Ya miƙo mini sanda, ya karɓe, ya tsaya. "Diba nan. Ni dogo na, sandag ga guntuwa ta. In za ni bugu, dole in matso kusa ga ƙwallo in duƙa bisa kanta. To in na ɗaga, ina sanda za ta? Sama, bisa kai, kamar mai saran shuka da sungumi. In ta sauko kuwa daga waje take zakkuwa, ta shahi ƙwallo a karkace, ta wuce wajen ƙahwata ta hagu. Ka ga ba dukan ta ni kai ba, yankan ta ni kai. Sai ta tashi tana juyi. Muddin ƙarhin bugu na nan tana tahiya miƙe, in ya rage, juyin shi ɗauke ta shi kai wa Turmi."

"To shi gajere fa?"

"Shi guntu sandatai ƙugu take kewayawa, kamar mai yankan ciyawa da lauje. Daga ciki take iske ƙwallo. In ya yi daidai ta miƙe, in ya wuce wuri ta yi hagu."

Taubashi yana jin mu daga bakin shinge, ya ce a ba shi ya gwada wannan aikin banza. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya riƙe sanda kamar zai kashe maciji, ya juya da ƙarfinsa duka. Ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa, ta lanƙwasa hagu, ta sami jakin dattijon nan na Danchadi a cinya. Jaki ya zubar da buhu ya nufi gida. Kawu ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa, yana cewa, "Kun gani? Ilimi na! Ba rashin iyawa ba na, halitta ta!" Taubashi ya jefar da sanda ya ce shi dai tasa ba ta faɗa abincin kowa ba.

Abin da ya ba ni haushi da Kawu, kuma shi ne ya sa nake ƙaunarsa, ya san ciwon ya san maganin, amma ya ƙi sha. Na ce a sayo masa dogayen sanduna daga birni, ya ce kyauta aka ba shi, ba zai nuna wa mai kyauta ta gaza ba, ko da mai kyautar ba zai taɓa sani ba. Sau ɗaya ya yarda aka kai sanda guda wurin maƙeri ya ƙara mata guntun bututu. Aka taru kallo. Da ya buga, kan sandar ya cire ya bi ƙwallon, su biyun suka yi dama, kan ya fasa tulun tsohuwar nan a bakin rijiya. Ya je da kansa ya ba ta haƙuri, ya kuma duba mata akuyarta da ke tari. Dama haka yake. Ba ya wuce dabba marar lafiya, kuma ban taɓa jin ya tambayi ta wane ne ba kafin ya durƙusa ya buɗe bakinta.

A ƙofar masallaci aka ƙulla alkawarin, wata Juma'a bayan an sauko, mutane suna neman takalma. Taubashi ya ɗaga murya don kowa ya ji ya ce, "Jama'a ku shaida. Ran da ƙwallon Giginya tat tahi miƙe hal gindin gawo, ba ta leƙa lambuna ba, kuma nig gani da idona, ni da kaina za ni ɗaukar shi bisa kahwaɗata in ratsa gari da shi."

Aka yi ta dariya, ana auna yadda ƙafafun Kawu za su riƙa jan ƙasa. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Na karɓa. Ran nan ni ko na aje sanda, ba ni ƙara taɓa ta. Wanda yah hau Turmi cikin gari, mi za shi nema kuma ga duniya?"

Kowa ya ɗauka wasa ne, ban da su biyun. Tun daga ranar Kawu bai ƙara buga ƙwallo don motsa jiki ba, hawan kafaɗar nan yake nema. Yakan ce wa matarsa, wadda muke kira Hajiya, ta ajiye masa farar babbar rigarsa a wanke a goge, don ba zai hau Turmi da tsumma ba. Shekaru suka yi ta wucewa, rigar tana cikin akwati, albasa tana shan duka. Kowane girbi Taubashi zai aiko da kwandon albasa gidan Kawu, ya sa a ce wa Hajiya waɗannan su ne suka tsira daga yaƙi.

Akwai shekarar da matar Taubashi ta rasu. Ba su da ɗa a kusa, duk suna birni. Mutumin nan mai baki ya shiga ɗaki ya rufe, ya daina zuwa lambu, albasa ta fara kwanciya don ƙishirwa. Mutane suka yi ta zuwa da nasiha, yana cewa to, ba ya tashi. Kawu bai yi masa wa'azi ba. Da la'asar sai ya je fako ya buga, ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Turmi, ƙwallona na cikin lambunka."

"Je ka ɗauka."

"Ba ni shiga lambun mutum ba mai shi. Ni ba ɓarawo ba na."

"Na ba ka izini."

"Izinin kwance ba izini ba na. Tashi."

Haka ya tsaya kamar an dasa shi, har Taubashi ya gaji ya sa takalmi yana zagi. Da suka isa ya ga halin da albasa take ciki, sai ya ce tunda ya zo bari ya ɗan ba ta ruwa. Kashegari Kawu ya sake zuwa. Haka ya yi ta fito da shi kullum har bakin tsokanar ya dawo. Na taɓa tambayar Kawu game da wannan, ya ce shi ƙwallonsa kawai yake nema, suna da tsada.

Ciwon ya fara ne daga baya, ya hau kafaɗa. Aka kai shi asibiti Sakkwato aka dawo, aka sake komawa. Ba ya son a yi maganar, mu ma muka bi shi a haka. Amma riga ba ta ɓoye komai. Wandonsa ya fara jan ƙasa, Hajiya ta kai wa tela ya rage. Wata rana na ga ya shiga zaurenmu bai sunkuya ba, na yi kamar ban lura ba. Hannayensa kuma ba sa iya wuce kafaɗa, hula ma sai ya duƙar da kai yake sa ta. Duk da haka bai fasa zuwa fako ba. Hajiya ta ce mini yini yake a kwance ba ya ko son magana, amma da ya ji kiran la'asar sai ya ce a miƙo masa sanda.

Ina wurin ranar da abin ya faru. Ya tara yashinsa a hankali, ya ɗora ƙwallo. Ya ja sanda baya, amma tunda hannu ba ya hawa sama, sai ta kewaya ta bayan ƙugunsa, daidai yadda ya taɓa kwatanta mini bugun gajere. Sandar da ta yi masa kaɗan shekara da shekaru, ranar ta yi masa cif. Ƙwallon ta fita ba ta yi sama sosai ba. Na tsaya ina jiran ta lanƙwasa. Ba ta lanƙwasa ba. Ta sauka a kan fako, ta yi tsalle, ta gangara, muka ji ƙwas a jikin gawo.

Kawu ya saki sanda ta faɗi. Fuskarsa ta koma ta ɗan saurayi. Ya juya fadama ya yi kira da iyakar muryar da ta rage masa, "Turmi! Zaka ka duƙa! A gaya wa Hajiya ta hiddo riga!"

Taubashi yana tsaye a bakin shinge, ya kare rana da hannu. Ni na gan shi, ya bi ƙwallon nan da ido tun daga tashinta har gindin gawo. Ya daɗe yana kallon Kawu. Sai ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa ya ce, "Ban gani ba. Ina duƙe."

"Ƙarya kakai! Malam ƙarami, hwaɗa mai!"

Na ce, "Baba, wallahi miƙe ta tafi."

"Ɗan ƙanwa ba shi shaida. Cewa niy yi sai na gani da idona. Sake gobe."

Tun da nake ban taɓa ganin Kawu ya yi fushi da taubashinsa ba sai ranar. Ya kira shi da sunan yanka, abin da ba ya yi, ya ce ashe tsufa bai hana shi cin amana ba. Ya koma gida ko sallama babu. Amma kashegari da la'asar ya fito, yana huci, ya buga. Ta sake miƙewa. Taubashi ya ce rana ta shiga masa ido. Wata rana ya ce ya je kama ruwa. Wata rana ya ce ya gani, amma ta ɗan leƙa dama kafin ta gyara. Gari ya rabu biyu, har liman ya aika a ce masa alkawari ba abin wasa ba ne. Taubashi ya ce a gaida liman.

Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum yana ciwo, abu ɗaya yake so a duniya, ya same shi da guminsa, a hana shi? Wata Asabar ban ko sauka gida ba, na wuce lambu da babur, na same shi yana cire ciyawa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Baba, wannan ba wasan taubasai ba ne, zalunci ne. Kowa ya san ka gani. In nauyinsa kake tsoro, mu kama maka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Nauyi? Wane nauyi yar rage mai? Da hannu guda ina ɗaukar shi yanzu."

Ya zauna a kan kunyar albasa, ya share hannu a riga. "Kai ka ga ƙwallo ta gyaru. Ni hannunai nig gani, ba su wuce kahwaɗa. Shi da bakinai yag gaya muna, dogo ba shi bugu miƙe da sandag ga. To in ta miƙe, ina dogon yat tahi?" Sai ya ci gaba. "Ka manta rabin alkawalin? In nic ce na gani, in ɗauke shi in ratsa gari, shi aje sanda. Ka san shi, ba shi tada magana. Shi aje sanda shi kwanta. To wa ka tashe shi da la'asar? Kai, daga Boɗinga? Bar shi shi ji haushina. Haushin na ka hiddo shi."

Na zo da faɗa cike da baki, na koma ina tura babur don idona ba ya ganin hanya sosai. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna.

Haushin ya riƙe Kawu har albasa ta kusa isa cira. Daga nan ƙafa ta ƙi. Ran nan da hantsi Taubashi ya zo duba shi, ina zaune ina yi masa fifita. Ya tsaya a bakin gado, tsayuwarsa da kwanciyar Kawu kusan kai ɗaya. Ya ce, "Giginya, lalaci ya isa haka. Tashi ka sake bugawa, yau na wanke idona."

Kawu ya buɗe ido ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Turmi. Maƙaryaci."

"Ban gani ba."

"Ka gani."

"Ban gani ba, ni ce maka."

Kawu ya yi 'yar dariya har ta sa shi tari. Ya ce, "Ba komi. Za ka ɗauka dai, ko ka so ko ka ƙi." Taubashi ya ce zai je ya duba injin ban ruwa, ya fita da sauri. Ban san ko Kawu ya gane dalilin ƙaryar ba, bai faɗa ba ni ma ban tambaya ba. Amma dariyar da na gani ba ta mai riƙe da mutum a zuci ba ce. Bai ƙara kwanaki da yawa ba.

Da aka yi masa sutura aka sallace shi a ƙofar gida, mu danginsa muka matsa za mu ɗauki makara. Duk gidanmu dogaye ne. Kafin mu ankara Taubashi ya kutsa ya kama ƙafar gaba ta hannun dama, ya sa kafaɗa. Wani ya ce, "Baba, bari yara su ɗauka, tsawo bai zo ɗaya ba." Ya ce, "Wanda yat taɓa ni, ni da shi hal gaban Allah." Liman ya yi mana alama da ido mu ƙyale shi.

Aka ɗaga. Makara ta karkata wajensa, nauyin ya gangaro kansa. An saba ana karɓar juna a hanya don kowa ya sami lada, kuma sauran kusurwoyin an yi ta canzawa, amma duk wanda ya miƙo hannu wajen tasa sai ya girgiza kai. Haka muka ratsa gari, ta gaban masallaci, ta bakin rijiya, yana haki, zufa tana ɗiga daga gemunsa.

Da muka fito fako, gawo yana gabanmu sak, maƙabarta tana bayansa. Ina riƙe da baya ta hagu. Takun Taubashi gajere ne, namu dogo, ga nauyi ya kwanta gefensa. Tun ban lura ba har na lura: gawo yana komawa hagunmu. Muna tafiya muna lanƙwasa, kaɗan-kaɗan, jama'a duka suna biye, har sai da ƙaya ta shingen lambun albasa ta kama wa na gaba riga. Aka tsaya cak. Can baya wani ya kasa daurewa ya ce a hankali, "Allahu akbar, ko yau sai da Alhaji ya leƙa lambu." Na ji makara tana rawa a kafaɗata, masu ɗauka suna ta fama da dariya da kuka a haɗe.

Taubashi bai yi dariya ba. Ya juya fuskarsa ya jingina kunci da makara, ya yi magana da ƙarfi yadda yake yi daga fadama, kowa ya ji.

"Na gani, Giginya. Miƙe tat tahi. Wallahi tun ran hwarko nig gani."

Ya gyara kafaɗa, muka juya muka nufi gawo. Bai sauke ba sai a bakin kabari.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci daidai tsawonsa har da ƙari. Ya ba Hajiya da Inna da mu duka haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Sandunan suna rataye a zaurensa, gwangwanin madara yana nan a gindin gawo, yashi ya cika shi. Kwanan baya na biya ta lambu da la'asar. Sabon dashen Taubashi ya yi kyau ƙwarai, ganye tsaye reras, ko ɗaya bai karye ba. Na ce, "Baba, barka, bana albasa ta huta."

Ya dubi fako, ya dube ni. Ya ce, "Hita mini daga lambu."